Ruɓar Tuffa da Gubar Patulin: Nazarin Janye Ruwan Tuffa na Afirka ta Kudu a 2021

A watan Satumba na 2021 aka janye wasu rukunan lemon Appletiser daga kasuwa a Afirka ta Kudu. Ba a jima ba, cikin Oktoba, kamfanin Pioneer Foods ya bi sahu da ruwan tuffa na kwali mai suna Liqui Fruit da kuma Ceres. Da yake Ceres kaya ne na fitarwa waje, sanarwar ba ta tsaya a gida ba, ta kai ƙasashe irin su Kenya, Uganda, Zambiya da Zimbabuwe. Dalili ɗaya ne: gwaji ya nuna patulin, gubar da funfuna ke bari a ruɓaɓɓiyar tuffa, ta haura maikurogiram 50 a kowane kilo, wato iyakar da doka ta yarda da ita. Pioneer Foods ya ce matsalar ta fito ne daga wani kaso na kakkauran ruwan tuffa da ya sayo daga mai kawo masa kaya.

Wanda ya buɗe irin wannan kwali ba zai ga komai ba. Ruwan garai-garai yake, zaƙinsa daidai, babu wari, babu kumfa, babu ƙwayar cuta mai rai a ciki. Funfunar da ta haifar da gubar ta mutu tun a tukunyar masana'anta. Abin da ya rage shi ne sinadarin da ta zuba a tsokar tuffa makonni ko watanni kafin nan. Don haka fahimtar wannan lamari ba daga kwali take farawa ba, daga ɗan tabon da ke jikin tuffa take farawa.

Tuffa kafin ruɓa, da yadda funfuna ke shiga

Lafiyayyar tuffa kusan kashi 85 cikin ɗari ruwa ce. Sukari yana kama kashi 10 zuwa 13, fiye da rabinsa furuktos, saura sukuros da gulukos da ɗan sobitol. Tsamin da ake ji a baki na asid ɗin malik ne, shi ne kusan kashi 90 na dukan asid ɗin da ke ciki, kuma shi ke riƙe ma'aunin tsami na pH tsakanin 3.3 da 4 da ɗoriya, gwargwadon iri da nuna. Wannan tsami ya fi ƙarfin yawancin bakteriya, shi ya sa ruɓar tuffa aikin funfuna ne. Ƙwarin tsokar kuwa, wannan ƙaras ɗin da ake ji idan an gatsa, daga pektin yake. Pektin ne ke manne ƙwayoyin tsokar da juna kamar yadda siminti ke riƙe bulo, kalsiyam kuma shi ke ɗaure zarurrukan pektin ɗin su tsaya da ƙarfi.

Funfunar da ake magana a kanta ita ce Penicillium expansum, mai haifar da abin da manoman tuffa ke kira shuɗiyar ruɓa. Ba ta iya huda lafiyayyen ɓawo, domin kakin da ke kansa ya fi ƙarfinta. Rauni take jira: tsinken wata tuffa da ya soki 'yar'uwarta a cikin akwati, farcen mai tsinka, bugun ƙanƙara, saran tsuntsu, ramin tsutsa, ko ƙujewa a kan injin tantancewa. Idan ajiya ta yi tsawo tuffa ta tsufa, takan bi ta ƙananan ƙofofin numfashin ɓawo ko ta tsinken kansa. Ƙurar irinta kuwa tana ko'ina, a ƙasar lambu, a jikin akwatunan katako da aka yi amfani da su bara, da kuma ruwan da ake kora tuffa a cikinsa a rumbun tattarawa. Wannan ruwa shi ne babban mai yaɗa ta, domin tuffa ɗaya da ta ruɓe tana iya wanke miliyoyin ƙwayoyin iri a ciki, duk mai rauni da ta biyo baya ta ɗauka.

Ta fi sakewa a zafin digiri 25 ko kusa da haka. Sai dai sanyi ba ya kashe ta, ba ya ma tsayar da ita. A ɗakin sanyi mai digiri 0 tana ci gaba da girma a hankali, kuma tana yin patulin ɗinta a can.

Abin da take yi wa tsokar

Mataki na farko ya saɓa wa abin da mutum zai yi zato. Tuffa mai tsami ce, amma funfunar tana ƙara mata tsami. Tana fitar da wani enzayim, wato furotin mai hanzarta sauyin sinadarai, mai suna gulukos oksides, wanda ke haɗa gulukos ɗin tuffar da iskar oksijin ya mayar da shi asid ɗin gulukonik. Tana ƙarawa da ɗan asid ɗin sitirik. A awon da aka yi kan nau'o'in tuffa daban-daban, lafiyayyar tsoka mai pH wajen 4.0 zuwa 4.3 ta sauko zuwa 3.6 ko 3.9 a wurin da ya ruɓe. Lambar ƙarama ce a ido, amma ma'aunin pH ninki goma-goma yake tafiya, saboda haka faɗuwar 0.3 na nufin tsamin ya ninka sau biyu.

Wannan ƙarin tsami yana yi mata aiki uku a lokaci guda. Asid ɗin gulukonik da sitirik suna da halin kama kalsiyam, sai su zare shi daga jikin pektin, ɗaurin ya sassauta. Sannan babban makaminta na narka pektin, enzayim ɗin poligalakturones, a pH wajen 4 funfunar ta fi samar da shi, wato ita ke gyara wa makaminta fage. Na uku, aikin gulukos oksides yana barin haidurojin feroksaid a baya, wanda ke ƙona fatar ƙwayoyin tsokar su mutu. Funfunar ba ta cin rayayyen nama. Kashewa take yi a gabanta, ta biyo baya tana tsotsa.

Da pektin ya narke, dogayen zarurrukansa sun karye zuwa guntaye har zuwa asid ɗin galakturonik, sai ƙwayoyin tsokar su rabu da juna, ruwansu ya tsiyaye. Wannan ne ya ba shuɗiyar ruɓa kamanninta da ba sa ɓuya: tabo mai laushi, mai ruwa-ruwa, launin ƙasa-ƙasa mai haske, da iyaka a fili tsakaninsa da lafiyayyar tsoka. Idan aka yanka aka sa cokali, ruɓaɓɓen ɓangaren yana fita gaba ɗaya ya bar rami mai santsi. Daga baya ne fararen curi-curi ke tasowa a kan ɓawon, su rikiɗe shuɗi-kore idan ƙurar iri ta nuna. A ɗakin sanyi mai ƙarancin oksijin wannan shuɗin na iya jinkirin fitowa, alhali ciki ya riga ya tafi. Mai tantancewa da ke jiran ya ga shuɗi kafin ya cire ya makara.

Launin ƙasa-ƙasan kansa daga tuffar ne. A rayayyar ƙwaya, sinadaran fenol irin su asid ɗin kulorojenik da epikatekin suna ajiye a wani ɓangare, enzayim ɗin da ke sa su duhu yana wani ɓangaren. Mutuwar ƙwayar ce ke haɗa su da iska, daidai abin da ke faruwa idan aka yanka tuffa aka bar ta a faranti. Sukari yana raguwa saboda funfunar na ci, sukuros na tsagewa zuwa gulukos da furuktos, ƙamshin tuffa na bajewa. A madadinsa sai warin rima da ƙasa, wanda wani sinadari mai suna jiyosmin ke kawowa. Hancin mutum yana jin jiyosmin ko da ɗan mitsitsi ne, shi ya sa ƙwararren mai kula da ɗakin sanyi kan gane akwai ruɓa tun daga bakin ƙofa. Tuffar da ta ji rauni kuma tana ƙara fitar da iskar etilin, wadda ke hanzarta nunar na kusa da ita, su yi laushi, su zama abincin gaba.

Patulin

Ƙaramin sinadari ne, C7H6O4, mai narkewa a ruwa, ba shi da launi. Funfunar tana gina shi ne daga abin da ta samu na sukari, ta matakai kusan 10, ƙarƙashin ƙwayoyin gado 15 da ke jere wuri ɗaya. Tarihinsa na da ban mamaki: a farkon shekarun 1940, lokacin da ake ta neman ɗan'uwan fenisilin, an ɗauke shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. A Ingila har an gwada shi a kan mura, sakamakon da ya fito a 1944 ya nuna ba ya magani, daga baya kuma illarsa ta bayyana, ya koma layin guba.

Illar tasa daga son da yake yi wa sinadarin sulfa take, musamman wanda ke jikin furotin da gulutatayon, garkuwar ƙwayoyin jiki. Yana manne musu ya hana su aiki. A jikin mutum abin da aka fi sani shi ne tashin zuciya, amai da damuwar ciki. A gwajin dabbobi an ga gyambon hanji da taɓuwar ƙoda da garkuwar jiki. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi a rukuni na 3, wato ba a samu hujjar da za ta sa a ce yana jawo ciwon daji ga mutum ba. Ba ajin aflatoksin na gyaɗa da masara ba ne, wanda ke rukuni na 1, kuma bai kamata a firgita mutane da sunansa kamar su ɗaya ba ne. Amma akwai dalilin da ya sa ake tsanantawa a kansa, dalilin kuwa yara ne. A 1995 kwamitin ƙwararru na hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade cewa kada abin da mutum ke sha a rana ya wuce maikurogiram 0.4 a kowane kilo na nauyin jikinsa. Yaro mai kilo 15 rabonsa maikurogiram 6 ke nan. Ƙaramin kwali mai mililita 200 da ke daidai kan iyakar 50 yana ɗauke da 10. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta bar 50 ga ruwan tuffa, ta sauko zuwa 25 ga markaɗaɗɗiyar tuffa da makamantanta, ta kuma tsaya a 10 ga abincin jarirai da ƙananan yara.

Abu biyu ne suka sa patulin ya zame wa masana'anta ƙarfen ƙafa. Na farko, a tsami yake zaune lafiya. A ruwa mai kanwa-kanwa yana lalacewa nan da nan, amma a pH na ruwan tuffa ba ya gezau, ga shi kuma ruwan tuffa ba shi da yawan furotin da zai kama shi. Na biyu, zafi ba ya yi masa wani abin kirki. Dafawar da ake yi wa ruwan 'ya'yan itace a digiri 90 na 'yan daƙiƙu tana kashe funfuna da yis da bakteriya, amma abin da take ragewa na patulin sau da yawa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba.

Daga fili zuwa tanki

Yankunan Elgin da Ceres a lardin Yammacin Kef su ne cibiyar noman tuffa a Afirka ta Kudu, girbi kuma yana tafiya daga wajen Janairu zuwa Mayu. Kamar ko'ina a duniya, tuffa mai kyau ta ci ce da fitarwa. Wadda ke zuwa masana'antar matsa ita ce wadda aka tsame: ƙanana, masu tabo, masu rauni, wani lokaci har waɗanda aka tsinta a ƙasa. Wato tun daga farko kayan da funfuna ta fi so ne ake tarawa wuri ɗaya. A tsakiyar kaka kuma kaya kan fi ƙarfin injin, sai a jibge a fili ana jiran layi.

A Afirka ta Kudu ne ma aka auna illar wannan jira tun a shekarun 1990. Tuffar da aka bari a fili ta tashi daga ƙasa da maikurogiram 100 a kilo zuwa sama da 2,000 cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki. A wani awon na daban, kaya mai 920 ya sauko zuwa 190 bayan wanki da ruwa, ya kuma sauko zuwa 55 bayan an tsame ruɓaɓɓu da hannu. Wankin yana aiki ne saboda laushin da aka bayyana a sama: ruwa mai ƙarfi yana kwashe ruɓaɓɓiyar tsokar da ba ta manne da komai. Sai dai gubar ba ta ɓace ba, ruwan wankin ta koma. Idan ana juya ruwan nan ba a canzawa, ya zama shi ne mai shafa wa na baya.

Ga lissafi mai sauƙi. A ɗauka ruɓaɓɓiyar tsoka na ɗauke da miligiram 10 a kilo, adadin da ba baƙo ba ne a shuɗiyar ruɓa. Maikurogiram 10,000 ke nan. Giram 5 kacal na irin wannan tsoka a cikin kowane kilo na markaɗe ya isa ya kai ruwan kan iyakar 50. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A tan ɗaya, kilo 5 ne. Babu mai tsayawa gaban bel mai gudu da zai rantse bai bar wannan ya wuce ba, musamman idan ruɓar a cikin cibiyar tuffa take, ɓawo lafiya lau.

Bayan markaɗe sai a zuba enzayim na narka pektin don ruwa ya fita sosai, a matse, a kwantar da laka da jelatin da yumɓun bentonait, a tace, sannan a ƙafar da ruwan har sukarinsa ya kai digiri 70 a Brix, ma'aunin yawan sukari a ruwa. Kowane mataki a nan yana goge wata shaida. Tacewa ta kwashe duhun launi da zaren funfuna. Ƙafarwa ta kori warin rima. Zafi ya kashe duk mai rai. Patulin kuwa narkakke ne, ya bi ruwa ya wuce matata, da aka ƙafar ya zauna a tukunya ya ninka wajen sau 6. Ana auna doka ne a kan ruwan da aka sirka ya koma digiri 11 da ɗoriya, don haka kakkauran ruwa mai 300 shi ne zai ba da 50 a kwali. Tanki ɗaya na wannan kakkauran ruwa kuma yana iya shiga kayayyaki masu suna daban-daban, a masana'antu daban-daban, a loda zuwa ƙasashe da dama. Abin da ya sa janyewar 2021 ta yi faɗi ke nan.

A ɗakin gwaji

Ana ciro patulin da etil asitet, a wanke da ruwan sodiyam kabonet don cire asid da fenol, a ƙafar, a narka a ruwa mai pH 4, a tura cikin HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadarai, a karanta a tsayin haske na nanomita 276. Kurakuran da ake yi sanannu ne. Idan wankin kabonet ya daɗe, patulin ya lalace tun kafin awo, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Idan aka bar kwalbar ta bushe ƙayau bayan ƙafarwa, nan ma asara ce. Akwai kuma HMF, sinadarin da sukari ke haifarwa idan ya sha zafi, wanda ke fitowa daf da patulin a na'urar. Kakkauran ruwa cike yake da shi, kuma in ba a raba su da kyau ba sai a karanta wani a matsayin wani. Ruwan da ba a tace ba sai an fara narka pektin ɗinsa da enzayim, in ba haka ba wani kaso na gubar zai maƙale a laka.

Mai sayen kakkauran ruwa da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan patulin kaɗai, domin ana iya rage shi da gawayin tacewa a ɓoye asalin kayan. Yana duba sauran sawun ruɓa: asid ɗin gulukonik da galakturonik, asid ɗin laktik, barasa, da asid ɗin fumarik, wanda ƙa'idar masu sarrafa ruwan 'ya'yan itace ta Turai ta tsayar a miligiram 5 a lita. Akwai kuma egosterol, sinadarin jikin funfuna da tuffa ba ta yin sa. Ƙarancin patulin tare da yawan waɗannan alama ce cewa ruɓaɓɓen kaya aka matsa aka yi masa kwaskwarima.

Gawayin yana aiki, amma da tsada: yana tafiya da launi da ƙamshi da fenol masu amfani. Bitamin C da sulfa dayoksaid suna rage patulin a hankali, ba abin dogaro ba ne. Abu ɗaya da ke cinye shi kusan ƙarƙaf shi ne yis idan ya juya sukari zuwa barasa, shi ya sa ba a cika samunsa a ruwan kal na tuffa ba, tunda ta wannan hanya ake yin sa. Wannan ba mafita ba ce ga mai sayar da ruwan sha. Maganin gaskiya yana gaban injin markaɗe: feshin kalsiyam a lambu don ƙarfafa pektin, tsinka a hankali, barin duk wadda ta faɗi ƙasa, wanke akwatuna, riƙe kulorin ɗin ruwan kora a miligiram 50 zuwa 100 a lita da pH wajen 6.5 zuwa 7, da matse kayan da aka fito da su daga sanyi cikin kwana ɗaya. Magungunan bayan girbi irin su fuludiyoksonil da firimetanil suna taimakawa, amma tayabendazol da aka daɗe ana dogaro da shi ya rasa ƙarfi a wurare da yawa saboda funfunar ta saba da shi.

Ba kowace ruɓa ce ke yin patulin ba. Tokar ruɓa ta funfunar Botrytis tabonta ya fi tauri, kamar soso, ba ya rabuwa da lafiyayyar tsoka. Ɗaciyar ruɓa ta Colletotrichum hanyarta ma akasin wannan ce, amoniya take fitarwa ta rage tsamin wurin. Alternaria, mai shiga cibiyar irin Red Delicious ta ƙofar fure, gubarta daban ce.

Tuffar da ake sayarwa a Najeriya akasari shigo da ita ake yi, Afirka ta Kudu kuma na cikin manyan masu kawowa. Kwalin da ya fito daga kwantena mai sanyi ya shiga zafin kasuwar 'Yan Lemo a Kano nan take yake yin gumi, raɓa ta kwanta a kan kowane rauni, ɗan tabon da ya yi watanni yana rarrafe a sanyi ya buɗe cikin kwana biyu ko uku. Waɗannan masu tabon su ake warewa a sayar da araha, kuma sau da yawa masu haɗa jus da yankakkun 'ya'yan itace ne ke kwashewa. A tuffa mai tauri patulin ba ya nisa sosai, yawanci yana tsayawa cikin santimita 1 zuwa 2 daga bakin ruɓar, kuma yanke wurin da faɗi yana cire fiye da kashi 90 cikin ɗari. Babba da zai ci tuffa mai ɗan tabo guda ya yanke aƙalla santimita 2 bayan iyakar tabon, ya tsaga ya duba cibiya, ya wanke wuƙar kafin ya ci gaba. Wadda tabonta ya fi ɗaya, ko ta yi laushi, ko take warin rima, ko cibiyarta ta yi baƙi, ta zubarwa ce. Ga markaɗe kuwa, musamman na yara, ba a sa mai tabo ko da an yanke, domin injin markaɗe yana raba abin da ya rage ga kowane kofi, tafasawa kuma ba ta cire shi.